Shafin shaddar Kawu

Ina shekarata ta biyu a wani biro, wato ofis, da ke unguwar Akwa, inda muke gina shafukan intanet, Kawu ya aiko a kira ni. Ƙanin mahaifiyata ne, yana sayar da shadda a babbar kasuwa, Marché Central, tun kafin a haife ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu na ci.

"Uwata, na gaji da tura wa matan Garwa da Marwa hotuna ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Ki yi mini wurin da mace za ta taɓa launi ta ga ya canja, ta zaɓi mita nawa take so, ni dai in ga saƙo."

Na ce an gama, Kawu.

Hanya biyu ce a gabana. Akwai manyan kayan da ake yayi na JavaScript, yaren da ke motsa shafi, waɗanda sai waya ta sauke su kafin ta nuna komai, daga nan komai ya riƙa tafiya sumul. Ko kuma in bar kwamfutar da ke riƙe da shafin ta aiko shi a shirye, in ƙara ɗan JavaScript a wurin zaɓen launi kawai.

Abokin aikina da muke tebur ɗaya, wanda ya girme ni a sana'ar, na farkon ya zaɓa. "C'est l'avenir," ya ce, wai nan duniya ta dosa. Ban musa ba, don a kwamfutar biro abin ya yi kyau ƙwarai. Amma ba a biro masu sayen shadda suke zaune ba.

Na gina ɗan gwaji da kowanne. Ranar Asabar da hantsi na hau bensikin, wato acaɓa, zuwa gidanmu a unguwar New Bell, ana yayyafi, rezon intanet yana zuwa yana ɗaukewa. Na karɓi tsohuwar wayar Inna, mahaifiyata, na buɗe na farko na miƙa mata. Farin allo kawai. Ta ɗan jira, ta ajiye wayar, ta tafi duba tukunya. Da ta dawo na buɗe na biyu, sai ga launuka sun fito.

"Wannan ruwan tokar da kyau," ta ce. "Babu mai ruwan ƙwai?"

Ta taɓa da kanta, ya canja.

Ranar Litinin na gaya wa abokin aikina cewa na biyun zan bi. Ya ce idan shagon ya girma zan yi da-na-sani. Na ce idan ya girma in sake gini, ai na iya. Ya yi dariya, ya taya ni rage nauyin hotunan.

Da shafin ya fara aiki, saƙon farko daga Ngaundere ya zo, ankon biki. Da kayan suka isa, uwar amarya ta kira Kawu ta ce shuɗin ya fi na hoto duhu. Washegari ni da Kawu muka fito da shaddodin bakin shago, muka sake ɗaukarsu hoto cikin hasken rana.