Farar Riga a Bayan Labule

Ɗan Labule abokan karatunsa suke ce masa, don tun da ya shiga sashen wasan kwaikwayo a jami'a ba a taɓa ganinsa a kan dandamali ba. In'ina gare shi. Labarin wasan duk yana kansa, amma a ba shi magana biyu ya faɗa gaban jama'a, sai harshe ya sarƙe. Dole ya koma baya, wurin masu jan labule da sauya kujeru idan an kashe fitila. Doka ɗaya ce a can: baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, kada ɗan kallo ya san kana duniya.

Mahaifinsa tela ne, yanar ido ta fara cin ƙarfinsa. Bai gane kan wannan karatu ba, amma duk wanda ya shigo shago sai ya sha labarin autansa. Da wasan kammala karatu ya matso, tsohon ya ɗinka masa riga fara fat, maƙwabci na zura masa zare a allura.

"Fari kaɗai nake hangowa yanzu," in ji shi. "Ka sa ta in gane ka."

Ɗan Labule ya ji kunyar gaya masa cewa a bayan labule yake aiki. Ya karɓa, ya yi godiya.

Ranar wasa ya ninke rigar a jaka, ya sa baƙaƙensa. Ya yi ta ratsa dandamali cikin duhu ɗauke da tebur, ga tsohon can a layin gaba yana miƙa wuya. Aiki ya yi kyau, ko motsinsa ba wanda ya ji.

Da aka tashi ya sa farar rigar ya fito. Tsohon ya damƙe hannunsa.

"Na gan ka! Kai ne likitan nan. Ashe a can bakinka ba ya sarƙewa? Alhamdu lillahi!"

Likitan kuwa wani ɗalibi ne daban, mai farin kwat.

"Ni ne, Baba," ya ce, ko gargada babu.

Ba a daɗe ba idon tsohon ya rufe gaba ɗaya. Yau Ɗan Labule yana jan labule a wani zauren taro, ƙaryar da ya yi wa tsohon tana ci masa rai, ya rasa wanda zai gaya wa. Tsohon kuwa yana zaune a ƙofar shagon da ya daina ɗinki. Duk wanda ya tsaya gaisuwa sai ya ba shi labarin ranar da ya ga autansa cikin farar riga, yana magana tiryan-tiryan.