Dammunan da Suka Dawo Gida

A shekarun da muke noma dab da ganuwar Birnin Gwari don tsoron mahara, liman ya sa aka gina rumbu bayan masallaci. Da kaka kowa ya kai zakkar dawarsa, idan abinci ya yanke a raba wa mabukata.

Ba wanda yake kai dami mai girman nawa, kuma sai an fito daga Juma'a nake saukewa. Zangarniya mai kyau a waje kawai nake jerawa, cikin kuwa kara ne da wadda tsuntsu ya cinye. Nakan ce wa kaina mai yunwa ba ya zaɓe.

Wata shekara wutar mafarauta ta taso daga daji ta lashe rumbunana, ga baki tara a gida. Na je wurin liman kaina a sunkuye, na ce, "Allah gafarta malam, yau ni ma karɓa na zo yi."

Ya ce, "Kai da ka fi kowa buɗaɗɗen hannu? Manyan nan da ka kawo za ka ɗauka, ba wanda ya cancance su sai kai."

Na durƙusa na yi godiya. Matata ta sussuke dami uku, ba su cika ƙwarya biyu ba. Ta ce, "Maigida, wane marar tsoron Allah ne ya ɗaure wannan?"

Na ce ta bar shi da Allah. Tun ranar nake roƙon Allah ya sassauta masa.