Tarwadar da Malam Isa ya binne

Na iske Malam Isa, mai kiwon kifi a hanyar Gidan Katta, yana juye tarwadarsa cikin rami. Manya-manya, wasu ma suna motsi.

"Subhanallahi! Malam, mi ya faru?"

Ya ce ruwan sama ne ya kwaso dattin wurin masu fasa tsohon batir, ya zuba masa a tafki. An gwada kifin, an samu dalma a jikinsu.

Na ce, "Haba, ba ni biyu mana. Toka da ruwan zafi zan sa in wanke su tas."

"Maman Hauwa, santsi kike wankewa. Wannan a cikin tsoka take, ko wuta ba ta fitar da ita. Kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa illa."

Ni da sai da na girma na koyi karatu, don kan Hauwa ya buɗe da wuri nake saya mata kifin nan.

Da ya sayar mini, wa zai sani? Na kasa tafiya, ina kallonsa har ya rufe ramin.

Ku kun taɓa tambayar a wane ruwa kifinku ya girma? Ni dai sai yau.