Kafintan da Na Hana Shiga Ɗakin Inna

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ban ga yadda zai yi da ranar da rufin ɗaki ya kusa kashe mahaifiyata ba. Mutane sukan ce iska ce ta yi ɓarna a ranar. Ni na san laifin ba na iska ba ne, nawa ne.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ne. Lokacin ina sayar da hatsi, ina zirga-zirga tsakanin Daura da kasuwar Mai'adua, kuma ina cikin waɗanda abin ya shiga ransu sosai. Ba na nadamar wannan ko kaɗan, sai dai ni nawa ya zo da zafin kai. Na sa aka rubuta "Ba shiga" da baƙin fenti a ƙofar zaure, manya-manyan baƙaƙe da ko makaho ya shafa zai karanta. Ɗan garuwa ma a zaure yake sauke ruwa, ni in ƙarasa da shi ciki ina nishi. Matata takan ce, "Malam, wata rana har zakaran gidan nan sai ka sallame shi." Sai in haɗe rai in ce addini ba abin wasa ba ne.

Inna kuwa tana shekara ta biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Bakinta ras, hankalinta ras, amma ko juyi sai an juya ta. Ɗakinta yana daga gabas, mahaifina ne ya rufa shi da kwano aka yi masa silin tun kafin rasuwarsa. Da bazara ta kama, wata safiya na shiga gaishe ta sai ta ce, "Kai, rufin nan fa yana kuka. In iska ta taso sai in ji kamar yana ɗagawa yana komawa."

Na ce, "Inna, kwano ai dama ya gaji haka, zafin rana ne."

Ta ce, "Na san kukansa na zafi, tun ba ka da aure nake jin sa. Wannan daban ne. Ka nemo wanda ya sani ya duba kafin ruwa ya sauka."

To magana ta fito daga bakin uwa, dole a yi. Na tambaya a kasuwa, mutum uku duk suka nuna mini kafinta ɗaya mai rumfa a bakin titi. Aka ce ya yi makarantar koyon sana'a, ya kuma daɗe a ƙarƙashin wani babban kafinta, rufi shi ne aikinsa. Na je na same shi, saurayi ne da bai wuce ƙanena ba, da fensir a bayan kunne. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Maigida, zan duba. Amma sai na hau sama, a gaya wa maƙwabta matansu su shiga ɗaki. Kuma sai na shiga ɗakin na ɗaga silin na ga katako."

Na ce, "Ɗakin wa? Ɗakin uwata? Tana kwance?"

Ya ce, "Ai ciwon rufi a ciki yake. Daga waje kwano kawai zan gani."

Wallahi sai na ji raina ya ɓaci kamar ya zage ni. Ƙato kamar wannan ya hau saman gidana yana hango gidajen mutane, sannan ya tsallake zaure har gaban gadon Inna? Na ce masa gidana ba tashar mota ba ce. Bai yi musu ba, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ci gaba da fiƙe katakonsa. Na hau babur ina jin na kare mutuncin gida.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mai taurin kai. Akwai wani dattijo abokin mahaifina, tsohon magini, wanda a zamaninsa babu soron da ya gagare shi. Ya san laka, ya san azara, amma bai taɓa buga ƙusa a kwano ba, ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. Duk na san wannan. Abin da na duba ɗaya ne, tsoho ne, shigarsa gida ba za ta dame ni ba, kuma ba zai iya hawa tsani ba balle maƙwabta su yi magana. Na ɗauko shi a babur. Ya tsaya a tsakar gida, ya kare rana da tafin hannu, ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa bakin kwanon sau biyu. Ya ce, "Ka ji ƙara? Kwanon da ne, mai kauri. Ko tsatsa babu. Wannan sai ya ga jikokinka."

Allah ya jiƙan dattijon nan, bai yi ƙarya ba, kwanon lafiyarsa lau. Abin da na tambaye shi ya amsa. Na shiga na ce wa Inna an duba, an ce babu komai. Ta dube ni ta ce, "Wa ya duba?" Na faɗa mata. Sai ta ce, "To, Allah ya tsare." Daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Amma ni hankalina bai kwanta ba, ko da yake ban yarda na nuna ba. Matata ta ce mini kullum da safe tana kakkaɓe wani gari-gari mai laushi daga bargon Inna, kamar ana tankaɗe a sama. Na ce ƙura ce, ta daina neman magana. Duk sanda iska ta kaɗa ganyen darbejiyar ƙofar gida sai in sami kaina ina satar kallon rufin nan.

Bayan kamar mako biyu, ina dawowa daga Mai'adua bayan azahar, sai na ga mutane sun taru a wani ƙauye na bakin hanya. An yi iska a wajensu jiya, mu ba ta iso mu ba. Na tsaya. Ga rufin ɗaki guda an ɗauke shi an naɗe a jikin wani gawo kamar tabarma. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne kwanon yana ta ƙyalli, ya ma fi namu kyau. Na ce wa mai ɗakin, "Bawan Allah, kwano lafiyayye haka?" Ya ɗauko guntun katako ya murje shi da yatsu a gabana, ya zama gari. Ya ce, "Kwano ba ya tashi don kansa. Gara ta cinye abin da ke riƙe da shi." Na kalli garin da ke tafin hannunsa, na tuna bargon Inna. Innalillahi! Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Na juya gabas, sai na ga hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin daga ƙasa.

Ban san yadda na iso Daura ba. Ina tuƙi ina waiwayen hadarin, ina addu'a, ina zagin kaina. Kai tsaye na nufi rumfar kafintan nan da na ci wa fuska. Na yi tsammanin zai rama, don ni da ni ne da na rama. Na ce, "Malam, ka yi wa Allah ka zo." Ya kalli fuskata, ya kalli gabas, ya ɗauki tocila da sukundireba da ɗan gajeren tsani ya haye bayana.

Ka san hali zanen dutse. Muna isa zaure sai ƙafata ta sake yin nauyi. Na ce ya ɗan jira, na shiga ina tunanin ko a rataya zane a kare gadon, ko ya leƙa ta taga kawai. Ina ta kame-kame, iska ta fara kwasar robobi a tsakar gida. Inna ta ji motsina ta kira ni. Ta ce, "Wa ke zaure?" Na ce kafinta ne, ina neman yadda za a yi ne. Ta ce, "Yadda za a yi da me? Yaron da na haifi wanda ya girme shi? Lulluɓa mini mayafi ka ce ya shigo, kafin in saɓa maka."

Ya yi sallama, ya shigo kansa a ƙasa, ya durƙusa ya ce, "Sannu Inna, ya jiki?" Ko sau ɗaya bai ƙara kallon gadon ba. Ya kafa tsani a kusurwa, ya ɓamɓare silin guda, ya zura kai da tocila. Na riƙe masa tsanin. Can ya ce, "Maigida, hau ka gani da idonka." Na hau. Ya nuna mini katakon da ke kwance a kan bango, wanda duk rufin ya dogara da shi, ya soka masa sukundireba. Ta shige har mariƙi kamar an soka a tuwo. Langalangar da aka ɗaure rufin da ita a jikin bango kuwa tsatsa ta cinye ta, biyu sun riga sun tsinke.

Ya sauko ya ce, "A fitar da Inna."

Na ce, "To, gobe da safe in Allah ya kai mu sai a gyara mata ɗaya ɗakin, a..."

Ya katse ni, karo na farko da ya ɗaga mini murya. "Ba gobe ba, yanzu! Nauyinsa kawai ke riƙe da rufin nan."

Kafin ya rufe baki iska ta farko ta bugo. Na ji da kunnena abin da Inna ta yi ta ji ita kaɗai, rufin ya ɗaga ya koma, haske ya shigo ta saman bango ya ɓace. Matata ta saka salati. Muka kama katifar ni da ita, amma Inna mace ce mai jiki, ga ɓarin da ba ya taimakon kansa. Matata ta kasa ɗaga nata gefen, katifar ta lanƙwashe, Inna ta fara zamewa. Na rasa abin yi, na tsaya ina "Wayyo Allah, wayyo Allah" kamar ƙaramin yaro. Kafintan ya ce, "Maigida, ka yi mini izini?" Ka ji fa, a wannan halin ma izini yake nema. Na ce, "Kama, don Allah kama!" Ya kama wajen ƙafafu, na kama wajen kai, matata ta tallafe tsakiya, muka ratsa tsakar gida ƙasa tana shiga mana ido, muka shige ɗakina mai rufin soro.

Ko gyara mata matashi ba mu gama ba muka ji ƙarar. Ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na fatan in ƙara. Na leƙo na ga rufin ɗakin Inna ya miƙe tsaye ta gabas, ya kifa ta bayan katanga, sannan ruwa ya kece. Da aka ɗauke ruwan na je ƙofar ɗakin na tsaya. Tubalan saman bango sun zubo ciki, wani dogon katako da ƙusoshi a jikinsa ya faɗo a kan gadon, daidai inda ƙirjinta yake ɗazu. Na zauna a cikin taɓo na yi kuka, ban damu da wa ke kallona ba.

Da na koma wajenta na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ɗora hannunta mai lafiya a kaina. Ta ce, "Na yafe maka. Amma ka ji, kana ta tsare ni kada a gan ni, ba ka taɓa tambayata abin da nake tsoro ba. Kullum ina kwance ina kallon silin nan, na san in ya taho ba zan iya ko kare fuskata ba." Na fi son da ta mare ni da wannan maganar.

Kafintan shi ya sake rufa ɗakin, da sabon katako da aka shafe da baƙin mai saboda gara. Kwana huɗu yana sama, kullum sai na zaga na sanar da maƙwabta, kuma babu wanda ya ce uffan, ashe ni kaɗai nake ta kiɗana ina rawata. Da na ba limaminmu labari ya ce, "Wa ya gaya maka shari'a ta hana mai gyara shiga gida da izinin mai gida? Ai tsare rai yana gaba." Inna ta ƙara shekara huɗu a ƙarƙashin sabon rufin kafin Allah ya karɓi abarsa.

Abin da na koya shi nake gaya wa duk wanda ya ce mini zai sa a duba masa rufi. Ka nemo wanda aikinsa ke nan, ko da shigarsa gidanka za ta yi maka nauyi. In ya tsaya a tsakar gida ya ce lafiya lau, ka yi masa godiya ka nemo wani, sai wanda zai hau, ya shiga, ya soka ƙarfe a katako ya nuna maka. Ni na zaɓi wanda zai faɗa mini abin da nake son ji, kuma wadda ta kusa biyan wannan zaɓin da ranta ita ce wadda ba ta iya tashi ta gudu.