Iyakar Makabartar Kufai

Ina kasuwar Gwarzo yayana ya kira ni: "Baba ya cika." Tun ranar hankalina ya ƙi barin gonarmu ta bayan Getso.

Kufan wani tsohon gari ce, saura guntun ganuwa. Akwai inda Baba ke karkatar da shanun huɗa kullum, yana cewa, "A kauce, akwai mutane kwance a nan."

Bara ya fara nuna mini iyakar makabartar da sandarsa, ƙasa na ƙamshin yayyafi. Mun gama gabas ruwa ya kore mu.

"Sauran sai gobe, ɗan nan," in ji Baba. Ba mu koma mun ƙarasa ba.

Allah ya haskaka kabarinsa yadda ya tsare na wasu. Bana yayana zai sa tarakta a gonar, ni kuwa ban san iyakar yamma ba.