Wasiƙar da Na Gyara wa Baba

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar kaka, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi, Baba ya dawo daga fadama tun kafin azahar, an ɗaure masa hannun dama da tsumma. Lauje ne ya zame masa wajen yankan shinkafa. Inna sai salati take yi, shi kuwa ko a jikinsa. Damuwarsa ɗaya ce: akwai wasiƙar da ke jiran amsa, ga shi yatsun ba za su riƙe biro ba. Ina tsakar gida ina tsintar wake na ji ya ɗaga murya: "Hajara, bar waken nan, yago mini takarda daga tsakiyar littafinki."

Mai wasiƙar shi ne Baba Lawal, ɗan goggon Baba, wato taubashinsa, abokin wasansa tun suna yawo ba wando. A waje Farfesa ake ce masa. Falsafa yake koyarwa a jami'a, ana jin sa a rediyo, manyan malamai na ƙasashen waje suna rubuto masa. Tare suka yi makaranta, sai rasuwar kakanmu ta dawo da Baba gona, amma ba su taɓa daina rubuta wa juna ba. Ta akwatin gidan waya na makarantarmu wasiƙun ke zuwa, hedimasta ya miƙo mini, in cusa a jaka tsakanin littafin lissafi da ƙullin gyaɗa. Baba yakan karanta a gindin rumbu yana dariya har da buga cinya, sannan ya yi kwana biyu yana magana shi kaɗai a gona. A shekarar nan gardamarsu a kan damina ce. Baba Lawal ya ce manomi bai san ruwa zai sauka baɗi ba, sabo ne kawai yake kira sani. Wannan magana ta hana Baba sakat.

Na durƙusa, na ɗora takardar a bayan faranti, Baba ya fara: "Zuwa ga malalacin da ya gudu ya bar fartanya." Na ɗago kai. Ya ce in rubuta mana. Haka ya yi ta jero hujjojinsa, kowace hujja da nata zagin: mai tumbin kujera, wanda bai san dawa ba sai a kwano. Ni kuwa yarinya ce mai ji da kanta. Ni ce ta ɗaya a rubutun wasiƙa a ajinmu, kuma an koya mana yadda ake yi wa babba magana. Ina ni ina kiran Farfesa malalaci da hannuna? Sai na rubuta "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi." Hujjojin na bar su, amma duk inda Baba ya ce ƙarya kake, na mayar da shi "a ɗan guntun fahimtata." Kafin ya ce in karanto masa, masu zuwa sannu suka cika zaure, ya ce in liƙe in kai. Na tafi wajen gaɗa da yamma ina jin na fitar da gidanmu kunya.

Bayan mako uku amsa ta zo, a cikin ambulan na ofis mai hatimi. Layi huɗu ne, bugun tafireta. An sami takardarsa, an gode, za a duba bayanan da ya kawo idan an sami lokaci. Ko sa hannun ma na sakatare ne. Ina laɓe a bayan turmi ina kallon Baba ya juya takardar baya, ya leƙa cikin ambulan ɗin ko akwai wata, ya sake juyawa. Ya ninke ta a hankali ya ce wa Inna, "Lawal ya zama babban mutum." Daga ranar bai ƙara tambayata ko hedimasta ya ba ni saƙo ba. Hannun ya warke, amma bai nemi biro ba. Mutumin da ke tsokanar kowa har akuya ya koma cin tuwo shiru. Ni kaɗai na san abin da ya faru: can Baba Lawal ya ga taubashinsa ya koma yi masa ranka ya daɗe kamar baƙo, ya ji zafi ya rama, nan kuma Baba ya ɗauka girman kai ne. Zumuncin da ya girme ni yana shirin mutuwa, kuma ni na shaƙe shi. Tsoro ya hana ni faɗin gaskiya har kwana goma.

A gonar auduga na faɗa masa, muna tsinka, don a can ba sai na dubi idonsa ba. Ya ajiye buhun. "Ranka ya daɗe? Lawal ɗin? Da sunana?" Na ce e, ina kuka. Na jira mari, sai na ji ya fashe da dariya har hawaye. Da ya natsu ya ce, "Hajara, shekara arba'in ina zagin mutumin nan, ban taɓa ci masa mutunci kamar yadda kika yi ba." Bai rubuta da kansa ba, ko da yake yana iyawa. Ni ya sa na sake zama, ya tsaya a kaina yana bin kowace kalma da yatsa, har na rubuta malalaci da manyan baƙaƙe, na kuma amsa laifina a ƙasa.

Amsar ba ta yi mako biyu ba. Shafi shida ne da rubutun hannun Baba Lawal mai kama da tafiyar tururuwa, a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, ta fara da "Zuwa ga ƙaton jahilin Malumfashi." A ciki ya yarda hujjar Baba ta uku ta kama shi, zai kai ta aji. Ya kuma bar mini layi guda: "Hajara, kowa a nan girmama ni yake yi. Ki bar mini mutum ɗaya."

Yanzu duk sun rasu, Allah ya jiƙan su. Ɗaliban Baba Lawal sun tattara wasiƙun da ya yi da manyan malamai za su buga littafi, suka zo har Funtua, inda nake aure, neman waɗanda ya rubuto wa Baba. Da suka karanta sai suka ce za su ɗan tace kalmomin saboda martabar marigayi. Na ce ko su buga yadda suke ko su bar mini kayana, ni na riga na gwada wannan gyaran. Suka tafi ba su dawo ba. Kullum wayata cike take da saƙonni, Hajiya Allah ya ƙara girma, Hajiya Allah ya ja kwana, ina amsawa da amin. Amma na daɗe ban sami wanda ya zage ni don ƙauna ba.