Gurbin Pati a Jikin Igiya

A unguwar Highbridge ta Bronx na tashi, a wani bene da hitar ɗumama ɗaki ke mutuwa duk lokacin sanyi. Baba na sayar da turare a 125th Street, Inna na kitso a Harlem, sai su bar ni wurin maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Indiya da muke kira Pati, wato kaka da yaren Tamil.

Da magariba sai ta kunna murhun gas, mu ja kujeru mu ji ɗumi. Jikokinta kuwa, ina! Suna ɗaki manne da talabijin. Ni kaɗai take samu ta zuba wa Turancinta guntu-guntu.

Kullum labarin garinsu ne, Madurai, tsohon birnin da tituna suka kewaye ɗakin bautarsa zobe-zobe. Duk shekara ana fito da keken katako mai tsayin bene. Ba doki, ba inji, mutane ke jansa da igiya mai kaurin cinya, kuma kowane gida da gurbinsa a jikinta tun kaka da kakanni. Wai wata shekara wani magidanci ya tafi fatauci, ya ce hannu ɗaya ba ya rage komai. Maƙwabcinsa ya gani ya bi, na gaba ma haka. Ranar biki tsofaffi suka ja har tafukansu suka yi jini, keke ko gezau.

"Sai me ya faru, Pati?"

"Babu sai me, 'yata. Yana nan tsaye." Sai ta dubi ƙofar ɗakin jikokin. "Mu ma da gurbinmu. Ɗana ya ce baɗi zai kai mu."

Baɗin nan bai zo ba. A Bronx ta rasu, jikokin ko sunan unguwarsu ta Madurai ba su riƙe ba.

Na daɗe ina jin haushin yaran nan, wallahi. Sai rannan, bayan ni ma na zama uwa, 'yata ta ce, da Turanci, in yi mata tatsuniyar garinmu. Na buɗe baki, na ce ga ta nan, ga ta nanku, sai na tsaya. Duk shekarun da nake gaban murhun Pati, tawa kakar tana Damagaram da tatsuniyoyi cike da baki, ana ce mata baɗi za a kawo ni, har ƙasa ta rufe mata ido.

"Mama, sai me?" in ji 'yata.